“Ni ce” a ƙarƙashin sunan Baba Kunne

A'a, ku dakata. Tun daga kalmar farko kuka ɓata. Kuna ta cewa ta saci asusun mamaci, ta saci asusun mamaci, sai ka ce wadda ta tsinci waya a bakin titi ta zura a jaka. Duk wanda ya rubuta haka a zauren nan bai san abin da yake magana a kai ba. Na san yawancinku ba mugunta ba ce, rashin sani ne, shi ya sa yau zan yi dogon rubutu, ni da kuka sani da gajeren baki da saurin hannu.

Ga wanda ya shigo yanzu ya tarar da ƙura: wannan zauren teloli ne na intanet. Mai matsalar keken ɗinki ya kawo tambaya, wanda ya sani ya amsa, amsar ta zauna a nan don na baya. A cikin masu amsa akwai asusu mai suna Mai Gyaran Keke, wanda kowa ke kira Baba Kunne. Mutumin ya rasu, ya fi shekara. Matarsa ta ci gaba da amsa tambayoyi da sunansa ba ta faɗa wa kowa ba, sai makon jiya abin ya fito. Dokar zaure ta ce wanda ya yi magana da sunan da ba nasa ba, a rufe asusun, a goge duk abin da aka taɓa rubutawa da shi. Admin, wato masu kula da zauren, sun ce ranar Juma'a za su yanke hukunci, sun buɗe wuri kowa ya faɗi ra'ayinsa kafin nan. Matar nan gwaggona ce, yayar babana. Shi kuma ni Kawu nake ce masa.

To ku ji abin da ba ku sani ba. Tun ranar da aka buɗe asusun nan har ranar da aka ɗauki Kawu daga gidansa, bai taɓa tura harafi ɗaya da hannunsa a cikinsa ba. Ko ɗaya. Duk abin da kuka taɓa karantawa da sunansa, yatsun Gwaggo ne.

Shagonsa ɗaki ne a gaban gida, ƙofa ɗaya ta titi, ɗaya ta ciki. Kawunan kekuna jere a kan kanta, wasu masu su sun manta da su, wasu masu su sun riga shi tafiya. Teburin aiki ya sha mai har ya koma baƙi yana sheƙi. Akwai wani tsohon tiren shayi da yake zuba ƙananan notina a ciki idan ya kwance keke, kuma in kana son ganin ɓacin ransa ka matsar da tiren nan ko da kaɗan. Yatsunsa kuwa ba na waya ba ne. Babban yatsansa kaɗai ya isa ya rufe rabin haruffan. Da na buɗe masa asusun na ba shi ya gwada, ya yi ta fama, ya shafe fuskar wayar da baƙin mai, abin da ya fito ko aljani ba zai karanta ba. Ya miƙa wa Gwaggo wayar ta bayan kafaɗa ko juyowa bai yi ba, ya ce daga yau ya naɗa ta sakatariya. Ta ce to shi kuma shugaban kamfani, kamfanin mutum biyu da kyanwa.

Haka zaman ya kasance. Bayan ta sallami gida da safe sai ta ɗauko kujerarta ta roba ta ajiye a bakin ƙofar ciki. Shi yana hagunta, ya ba ta baya, kansa a cikin keke. Ta karanta tambaya da ƙarfi, ya amsa da baki, ta rubuta.

Kun san salon. Ba ya taɓa amsawa sai ya ji ƙarar keken. Ka rubuto masa shafi guda kana bayanin yadda zare ke tsinkewa, abin da za ka samu layi ɗaya ne: ka kunna keken, ka ɗauko min ƙararsa. Daga nan sunan Kunne ya fito. Gwaggo ta kunna saƙon muryar, ya ajiye sukundireba, ya ɗan karkata kai kamar kaza mai sauraron sama, ya ce ta sake. Sai ya faɗi abu ɗaya. Abu ɗaya tak, ba ya jero maka goma ka rasa wanda za ka fara da shi. In ka yi bai yi ba, ka dawo, a ba ka na gaba. In bai gane ƙarar ba kuma sai ya ce a rubuta bai sani ba, a jira wani. Abin da ya tsana a duniya shi ne mutum ya zo da kuka a taimake shi, sannan ya dawo ya rubuta ya gyaru na gode, ya tafi, bai faɗi me ya gyara shi ba. Yakan ce irin wannan ya sha ruwa ya kifar da randa. Sai ya sa Gwaggo ta bi mutum har sai ya dawo ya rubuta abin da ya yi, don wanda zai zo da irin ƙarar nan baɗi.

Amma ga wurin da nake so ku buɗe kunne. Kuna ta yabon haƙurin Baba Kunne, ladabin Baba Kunne, yadda bai taɓa wulaƙanta mai tambaya ba. Ni na zauna a shagon nan. Kawu, Allah ya jiƙansa, ba shi da haƙuri ko na cikin cokali. Ina nan wata rana wani ya turo ƙarar kekensa karo na ban-san-adadi, matsalar kuma guda ce, allura yake sakawa a juye.

“Sakatariya, rubuta masa,” in ji Kawu. “Ki ce shi da ɗinki sai dai a lahira. Ya sayar da keken ya sayi akuya.”

“To, shugaba.”

Na leƙa ta kafaɗarta. Abin da ta rubuta shi ne: ɗan'uwa, kowa ya taɓa yin wannan, zare allurar ka juya gefen da ke da tsagi ya kalli inda zare ke shigowa, ka gwada ka gaya min. Kawu ya tambaye ta ko ta saka maganar akuyar. Ta ce har da kuɗin igiya. Ya san ƙarya take yi, ita ma ta san ya sani. Ya yi ƙwafa ya koma cikin kekensa.

Wasunku sun ɗauki hoton irin waɗannan amsoshin suna yawo da su, wai ga yadda dattijon kirki ke magana. Ku sani, kunnen nasa ne, bakin nata ne. Baba Kunne da kuka sani bai taɓa zama mutum ɗaya ba. To don Allah me ta sata?

Ciwon bai daɗe ba. Ya kwance wani keke da hantsi, ya jera kayan cikinsa a tire, ya ce kansa na sarawa bari ya ɗan kishingiɗa. Aka kai shi asibiti, aka yi 'yan kwanaki, aka dawo ba shi. Keken nan da tiren suna nan yadda ya bar su, mai keken ya zo ya gani ya ce a bar shi kawai.

Ana cikin karɓar gaisuwa, falo cike da mata, wayar ta yi ƙara a cinyar Gwaggo. Ta ce ita dai kashewa ta yi niyya, yatsanta ya danna saƙon. Sai ga ƙarar keken ɗinki ta cika ɗakin, tak tak tak ƙirr, tak tak tak ƙirr. Wata tsohuwa ta fara salati. Ni ina kallon Gwaggo, na ga ta karkata kai hagu, daidai yadda take yi idan yana magana. Yatsunta suka yi aiki, ta tura, ta kifa wayar. Sai da mutane suka ragu na duba. Ta rubuta wa mutumin cewa kwarkwaron zaren ƙasa ne bai zauna daidai cikin ƙoshiyar da ke riƙe shi ba, ya fitar ya mayar har sai ya ji ƙas. Kafin la'asar mutumin ya dawo ya ce ya yi, Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana.

Na tambaye ta yadda aka yi ta sani. Ta ce ba ta sani ba, Kawu ne ya gaya mata. Ta faɗi maganar kamar mai cewa an kawo wuta. Ta ce da ƙarar ta ƙare sai ta ji shi a hagunta, muryar nan tasa ta mai magana da noti a baki, har da zagin. Zagin ta cire kamar kullum.

Kada wani ya zo min nan da wa'azi ko da bayanin likita. Ban ce fatalwa ba ce, ban ce ba ita ba ce. Mace ta yi shekaru tana jin ƙara sannan ta ji amsa, ƙara sannan amsa, me kuke tsammani zai zauna a kanta? Na san wannan. Amma na sha shiga shagon nan da rana tsaka in same ta a kujerar roba, ƙofar titi a rufe, haske na shigowa ta ƙasan ƙofa, warin man keke bai tafi ko'ina ba, tana kunna saƙo, ta karkata kai hagu, sannan ta ce a hankali, sake? Ta sake kunnawa. Wani lokaci ta yi 'yar dariya ta ce wannan kam ba zan rubuta ba. Ban taɓa iya zama a hagunta ba. Ba ta hana ni ba. Ƙafata ce ba ta zuwa.

Babana ya yi mata magana, ya ce Yaya ki sanar da mutanen nan. Ta ce to. Ɗanta da ke aiki a wani gari ya kira ya ce Mama ki bar wayar nan haka ki huta. Ta ce to. Ta sha fara rubuta sanarwar, na gani da idona, sai tambaya ta shigo, ta ce bari ta sallami wannan tukuna, kekensa ne abincinsa. A wajenta lissafin a fili yake: in ta sanar, za a daina turo ƙara, in aka daina turo ƙara, hagunta zai yi shiru. Ba ta taɓa faɗa min haka da baki ba a lokacin. Ba sai an faɗa ba.

Kuma amsoshin suna yi. Ku je ku duba da kanku tunda ba a goge ba tukuna. Ku nuna min inda za ku ja layi ku ce daga nan mai rai ne, daga nan matarsa ce. Ba wanda ya lura, har ku masu cewa yanzu wai dama kun ji a jikinku.

Sai ga tambayar Sabuwar Hannu. Haka yarinyar ta sa wa kanta suna, ba ta daɗe da shigowa ba. Yayanta ne ya kawo mata keke irin na zamani, mai lantarki, mai ɗan allo a gaba yana nuna lambobi. Ya cije, ya ƙi motsi, yana wani siririn kuka kamar sauro a kunne. Ta ɗauko ƙarar ta turo, ta kira sunan Baba Kunne kai tsaye, ta ce an gaya mata shi kaɗai zai iya.

Irin wannan keken bai taɓa shiga shagon Kawu ba. Bai taɓa jin kukansa ba.

Gwaggo ta ce ta kunna, ta karkata kai, ba komai. Ta sake kunnawa, ba komai. Ta tashi ta zaga, ta dawo ta gyara kujerar daidai inda ƙafafunta suka yi shaida a siminti, ta kunna. Ta ce ba ta taɓa sanin ɗakin nan na da faɗi haka ba. Tana jin motoci a titi, tana jin famfon maƙwabta na ɗiga, hagunta kuwa bango ne kawai.

Ta san abin da ya kamata ta rubuta. Ita ta sha rubuta shi da hannunta: ban sani ba, a jira wani. Amma a da idan ta rubuta haka, shi ne bai sani ba, yana nan zaune bai sani ba. Ran nan in ta rubuta, ma'anarsa daban: ta yarda ba ya nan ke nan. Sai ta ɗauko amsar da ake ba tsohon keke idan zare ya cushe ya cije: a ɗiga mai, a kama wilin hannu a juya gaba da baya da ɗan ƙarfi har ya saki. A keken ƙarfe wannan daidai ne, kowa a nan ya taɓa yi. Na yarinyar haƙoran cikinsa na roba ne. Yarinyar ta ɗiga mai, ta juya da ɗan ƙarfi, wani abu ya ce ƙaras a ciki.

Yarinyar ta dawo ta rubuta abin da ya faru. Ba ta zagi kowa ba, tambaya ta yi yanzu me za ta yi. To a nan ne nake so wasunku su ji kunya, don rubutunku na nan. Kuka yi mata ca. Wai Baba Kunne ba ya kuskure, ke ce ba ki bi yadda aka ce ba. Wai an ce ɗan ƙarfi kin sa ƙarfin daka. Wai ku yaran yanzu ba ku iya karatu ba sai gardama. Wani har da cewa ta nemi gafarar dattijo. Yarinyar ta fara ba da haƙuri a kan keken da aka karya mata.

Gwaggo tana karantawa. Sai ta rubuta, da sunan Mai Gyaran Keke: Ku ƙyale yarinyar nan. Ta bi abin da aka gaya mata daidai. Ni ce na yi kuskure.

Da farko wasa aka ɗauka. Wani ya sa dariya ya ce yau Baba ya zama Inna. Wani ya ce yatsa ne ya zame. Sai wani mai bin diddigi ya ce ai harafin c da harafin n ba maƙwabta ba ne a kan waya, akwai gidaje tsakaninsu, kuma namijin da ya kai shekarun Baba ko cikin barci ba zai ce ni ce ba. Ina gani na bar ɗinkin da ke hannuna na hau mashin na tafi gidan.

Na same ta a shago. Na ce Gwaggo kawo wayar, akwai wurin gyara rubutu, harafi ɗaya ne, mu mayar da shi ni ne, in rubuta yatsa ne ya zame a yi dariya a wuce. Na gaya mata dokar zaure, na gaya mata in suka gane gogewa za su yi, duka, tun daga na farko. Har yanzu ina nan a kan cewa da ta ba ni wayar nan da yau ba mu nan. Ta ƙi. Ta riƙe ta da hannu biyu a ƙirji kamar zan ƙwace.

“Gwaggo harafi ɗaya ne fa.”

“Na ji ki, uwar sauri.”

“To kawo.”

“In na ce ni ne, shi ya karya wa yarinya keke ke nan.” Ta dubi teburin. “Mutumin da bai taɓa ganin keken ba. Duk na daidai na bar masa, ai nasa ne. Wannan nawa ne. Ba zan ɗora masa abin da ba zai iya tashi ya ce ba shi ba ne.”

Na ce to ai shi ke nan, sai ki yi shiru, su gaji su bari. Ta ce shirun da ta yi ya isa. A gabana ta rubuta sauran, a hankali, ba ta goge ko kalma ba. Ta ce maigidanta ya rasu tun bara, ita matarsa ce, ita ke rubutu tun farko, daga rasuwarsa kuma ita ke amsawa. Ta ce ba ta san keken Sabuwar Hannu ba, ya kamata ta ce ba ta sani ba, wanda ya san irinsa don Allah ya taimaka wa yarinyar. Ta tura. Sannan ta tambaye ni ko na ci abinci.

Abin da ya biyo baya kun fi ni sani, ku kuka rubuta. Mayaudariya. 'Yar damfara. Wa ya san me take nema. Waɗannan ba su dame ni ba, na iya da su, kuma na amsa wa wasunku daidai da ku. Wanda ya tsaya min a wuya saƙon mai asusun Tsohon Tela ne, kuma ba zan ɓoye shi don yana gefen da ba nawa ba. Dattijo ne, tun farkon zaure yake, shi da Kawu ba su taɓa haɗuwa ba amma kullum sai sun taɓa juna da tsiya a ƙarƙashin tambayoyi. Bai rubuta a fili ba, murya ya turo wa asusun. Ya ce shi bai damu da wa ke danna waya ba. Ya ce abin da ya ƙona masa rai, ya fi shekara yana yi wa abokinsa fatan lafiya da nisan kwana, alhali abokin na kwance yana buƙatar a roƙa masa rahama. Ya ce Hajiya kin hana shi addu'armu. A bayansa ba a jin ƙarar kekensa, ya tsayar da shi.

Gwaggo ta saurara har ƙarshe, ta sake saurara. Sannan ta danna ta yi magana, karo na farko da wani a zauren nan ya ji muryarta.

“Ka yi gaskiya, Malam. Na riƙe shi ne don kaina. Ka yafe min, ka yi masa yanzu.”

Ya saurara, alamar ta nuna. Bai ce komai ba, kuma a wurin da admin suka buɗe ma bai ce komai ba.

Tun ranar keken yarinyar nan Gwaggo ba ta sake jin Kawu ba. Ta gwada da tsofaffin ƙararraki, irin waɗanda ko ni zan gane, shiru. Ta daina amsa tambaya, ta ce sai an yanke. Abin da take yi yanzu, ta zauna a kujerar nan ta gangara can ƙasan zauren a wayar, zuwa zamanin da yana nan, ta buɗe tambaya, ta kunna ƙarar keken wani da ba ta taɓa gani ba, ta karanta amsar a fili. Sannan ta faɗi abin da ya ce da gaske a ranar, wanda ba ta rubuta ba. Tana tuna kowanne. Wannan ya ce masa kan kifi. Wannan kuma mace ce, ya ce a tambaye ta ko da ƙafa take saka zare. A duniya kaf ita kaɗai ta san rabin da ba a rubuta ba, kuma rubutaccen rabin ne ke tuno mata shi. Ranar Juma'a shi za ku goge.

Kada ku ce in ɗauki hotuna in ajiye mata. Na fara, wayata ta cika ban yi nisa ba, kuma hoto ba ya ƙara. Kuma ba ita kaɗai ce za ta yi asara ba. Jiya jiyan nan wani da bai san ana rigima ba ya nemo wata tsohuwar amsa a kan bel ɗin keke mai zamewa, ya gyara kekensa, ya rubuta a ƙasa cewa ya yi, ga abin da ya yi. Na nuna mata. Ta ce ka ga ɗan halak, ya faɗi yadda aka yi.

Ban ce a soke doka ba. Na san dalilin da aka kafa ta, ina nan lokacin da wani ya shigo da sunan wani ya yi ɓarna. Admin ba maƙiyanmu ba ne, aikinsu suke, kuma sun faɗa a fili cewa abin da jama'a suka ce za su duba. A sauya wa asusun suna, a rubuta a samansa cewa shi ya rasu matarsa ce, a hana ta amsa in an ga dama, ita ba ta ma roƙi a bar ta ta ci gaba ba. Abu ɗaya ta tambaye ni, da na je shekaranjiya: in an goge, ƙararrakin ma tafiya za su yi? Na ce eh. Ta gyaɗa kai ta ci gaba da gangarawa, da sauri yanzu, kamar mai kwashe shanya ta ga hadari.

Na je na karanta wurin da admin suka buɗe tun daga sama har ƙasa. Masu cewa a goge sun cika shi, suna da lokaci, suna da data. Masu cewa a bari, mutum ɗaya na gani. Sabuwar Hannu. Yarinyar da aka karya wa keke, wadda har yau kekenta na kwance ana neman haƙorin roba. Ta rubuta cewa ranar da kowa ya taso mata, mutum ɗaya ne ya ce ba laifinta ba ne, kuma ba ta ga dalilin da za a hukunta shi don ya faɗa da bakin mace ba.

Sauran ku ina kuke? Ina ganinku, koren ɗigon nan na jikin sunanku yana kunne. Kai mai ɗinkin kayan makaranta da kekenka ya tsaya ana jibi komawa, wa ya zauna da kai har ya tashi? Ke mai labule da kika ce saura kaɗan ki bar sana'ar saboda ɗinki na tattarewa? Kai da ka buɗe shagon gyara da abin da ka kwasa a nan kana amsa sunan injiniya? Kuna turo min saƙo a ɓoye, wai Allah sarki Gwaggo, wai abin tausayi. Ku riƙe tausayinku, admin ba sa karanta akwatina. Malam Tsohon Tela, da girmanka, kai ma da kai nake. An ɓata maka, gaskiya ne, to fito ka faɗa a fili, ka kuma faɗi ko kana so a share duk inda kai da abokinka kuka taɓa yi wa juna tsiya.

Ba na ce dole ku bi bayana ba. In gogewar kuke so, ku je ku rubuta a goge, da sunanku, Gwaggo ta karanta ta san su wa ta yi wa aiki. Amma wannan leƙe da kuke yi ku wuce, shi ne ban yarda da shi ba. Wurin na nan a saman zaure, an maƙala shi, ba sai kun nema ba. Ku faɗi wane keke ne, me ya same shi, me aka ce ku yi, ya yi ko bai yi ba. Yau Laraba. Ku je ku yi magana.